Alƙalan cikin waya da karen Azawak na kakana

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili in faɗi wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, ko da yake na san ba irin maganar da aka saba gani a shafin wasiƙu ba ce.

Ni malamin dabbobi ne a Illela, bakin iyakarmu da Birnin Ƙonni. Aikina yi wa shanu allura, ɗura wa awaki maganin tsutsar ciki, da duba tumaki ranar kasuwa. Amma yau kusan shekara biyu ke nan, in na yi sallar isha'i na kintsa, nakan buɗe wani wasa na intanet a wayata, wanda mutum ke kiwon karnuka a cikinsa, ya haɗa su barbara, ya horar da 'ya'yan, ya kai su gasar nuna kyawun ƙira irin wadda Turawa ke yi da karnukan gaske. Ba zan ambaci sunan wasan ba, don ban zo tallarsa ba, ban kuma zo ɓata shi ba. Alƙalan cikinsa ne suka sa ni ɗaukar biro.

Na san wani zai ce me ya haɗa Musulmi da zancen kare. Karen farauta da na kiwo da na tsaron gona shari'a ta yarda da su, kuma aya ta huɗu ta Suratul Ma'ida ta halatta mana abin da dabbar farauta horarriya ta kamo. Ni a gidan mafarauta na tashi. Kakana a wajen Abalak ya yi ƙuruciyarsa, cikin ƙasar Azawak, kuma daga hannun Buzaye ya fara samun karnukan nan dogaye sirara masu ɗamammen ciki, waɗanda in sun miƙe da gudu sai ka rantse ba sa taka ƙasa. Da sunan wannan yanki duniya ta san su yanzu, kamar yadda aka san shanun Azawak. Ranar da na ga sunan a jerin ire-iren karnukan da ke cikin wasan, ban ko tsaya duba sauran ba.

Ga yadda abin yake. Kowane kare yana zuwa da maki a kan sassan jikinsa: ƙirar kai, kafaɗa da ƙafafun gaba, cinyoyi da ƙafafun baya, gadon baya, gashi, girma, dagi, sai kuma tafiya. 'Ya'ya suna gadon waɗannan daga uwa da uba, wani lokaci su fi su, wani lokaci su gaza. Ka biya kuɗin shiga gasa da kuɗin cikin wasan, ka ɗauki hayar mai jan kare, ka kwanta, da safe sakamako ya fito. Alƙalan ba mutane ba ne, sunaye ne kawai aka laƙaba wa lissafin kwamfuta. Wannan ne ma ya fara kwantar mini da hankali. Na ce to, a nan dai babu sanayya, babu ɗan wane, babu wanda zai bi dare ya kai wa alƙali goro. Lamba ce za ta yi magana.

Sai na samu wata karya da na sa wa suna Walƙiya. A tafiya da dagi da gadon baya babu kamarta cikin 'yan Azawak da ke fitowa gasa a lokacin. Inda ta ɗan gaza shi ne kai da gashi, amma in ka tara makinta gaba ɗaya ta fi duk abokan karawarta. Gaban wani alƙali ta zo ta ɗaya sau uku a jere. Mako ya zagayo, da karnukan nan dai, ba a ƙara ko guda ba, gaban wani alƙalin daban, sai ta zo ta biyar. Na ce ko horo ne ya yi ƙaranci, na ƙara. Na ce ko abinci ne, na sauya. Sau bakwai ina kai ta gabansa, ba ta taɓa wuce ta huɗu ba.

Akwai wani littafi mai bangon kwali da nake rubuta rigakafin garkuna a ciki. Na juya shi ta baya, na ja layuka, sunayen alƙalai a gefe, sassan jiki takwas a sama. Kowace safiya kafin in ɗaure akwatin magani a bayan babur, sai in zauna a dakalin ƙofar gida da kofin shayi, in kwafe makin karen da ya ci da na wanda ya bi masa. Wata uku na yi ina wannan, har abin ya fito fili. Alƙalin da ya ƙi Walƙiya kai da gashi yake bi, in karenka ya yi kyau a nan, ko tafiyarsa ta agwagwa ce zai ba shi. Wani girma ne nasa, duk wanda ya fi tsawo shi ne. Wani kuma ba kare yake kallo ba, mai jan karen yake kallo, in ka ɗauki mai tsada sai raunin karenka ya ɓace. Cikin duk waɗanda na bibiya, biyu ne kacal ke ba tafiya nauyin da ya dace da ita, kuma su ne waɗanda ba a cika sa wa a manyan gasa ba.

Ba ina cewa laifi ne alƙali ya kasance da abin da ya fi so ba. Masu wasan da gangan suka tsara haka, kuma gaskiya suka kwaikwaya. A gasar gaske, ba kare da kare alƙali yake gwadawa ba. Kowane iri yana da rubutaccen ma'auni da ke siffanta cikakken karen wannan iri, aikin alƙali ya duba wanda ya fi kusa da siffar. Zai buɗe baki ya ga haƙora, ya shafa kafaɗa da haƙarƙari, ya sa a zaga fili da karen yana kallonsa ta gaba da ta baya da ta gefe, duk cikin 'yan mintoci. To amma ma'aunin da kalmomi aka rubuta shi, a ce wuya dogo, a ce ƙirji mai zurfi, a ce kunne matsakaici, kuma dogon wani ai gajeren wani ne. Ko mu a kara, dillalai biyu za su tsaya a kan sa ɗaya, wannan tozo yake kallo, wancan ƙafa.

Kuma ƙorafi a kan alƙalanci tare aka haife shi da gasar. Wadda ake lissafawa a matsayin ta farko a zamanance an yi ta a birnin Newcastle na Ingila a 1859, iri biyu kawai na karnukan farautar tsuntsu aka shigar, kuma labarin da ya shahara shi ne ɗaya daga alƙalan rukuni na farko karensa ne ya ci a rukuni na biyu, ɗaya daga alƙalan rukuni na biyu kuma nasa ya ci a na farko. Da aka kafa ƙungiyar masu kiwon karnuka ta Ingila, Kennel Club, a 1873 aka fara ɗaure abin da dokoki. An daɗe a Ingila kare ba ya zama zakara sai ya samu takardar nasara uku daga hannun alƙalai uku mabambanta. A Amurka, ƙarƙashin tasu ƙungiyar masu kiwon karnuka, AKC, da aka kafa a 1884, sai ya tara maki 15, ciki har da manyan nasarori biyu gaban alƙalai biyu daban, sannan a samu na uku da shi ma ya ba shi maki. Wanda ya rubuta irin wannan doka ya riga ya amsa cewa idon mutum ɗaya ba abin dogaro ba ne. Duk da haka son bai gushe ba. Gasar Westminster ta birnin New York, wadda ake yi tun 1877, wani irin ƙaramin kare mai kaushin gashi da ake kira Wire Fox Terrier ya lashe babban kambunta sau 15, alhali irin da ake kira Labrador, wanda ya shekara 31 a jere yana kan gaba a yawan rajista a Amurka, bai taɓa ci ba ko sau ɗaya.

Abin da ya fi damuna dai ba kambun da ya wuce Walƙiya ba ne. Abin da ni na aikata bayan na gane sirrin ne, kuma har yanzu in na tuna raina yana ɓaci. Na yi abin da kowa ke yi. Na daina kai ta gasa, na je nema mata namiji mai makin kai da gashi. Akwai wani guda da ya yi fice, duk masu kiwon Azawak a wasan muka yi masa caa, kowa yana kai karyarsa. Cikin 'ya'yan na zaɓi masu kai, na sayar da masu tafiya. Na haɗa ɗan uwa da 'yar uwa don siffar ta zauna. Zuriya huɗu na yi a haka, kuma nasara ta zo, sunan gidan kiwona ya hau sama a jeri. Wani dare na buɗe shafin tattaɓa-kunnen Walƙiya, na ajiye shi kusa da nata. Kai ya cika, gashi ya cika. Tafiya ta zube, dagi ya zube, cinya ta zube. Na duba na sauran masu kiwo, duk kanwar ja ce, domin uba ɗaya muka bi. Babu alƙalin da ya umarce mu mu lalata irin. Abin da yake so kawai ya riƙa saka wa, mu kuma muka ƙarasa aikin da hannunmu.

Edita, da a waya abin ya tsaya da ban dame ka ba. A 2008 BBC ta nuna wani shiri na bincike a kan cututtukan da kiwo don gasa ya jawo wa karnuka a Ingila, ya tayar da ƙura har ta daina nuna babbar gasar karnuka ta Crufts daga 2009, gasar da ake yi tun 1891, wadda yanzu ake taruwa dominta a Birmingham kowane watan Maris. Ƙungiyar Kennel Club ta sake duba ma'aunanta. A 2012 aka sa likitocin dabbobi su duba waɗanda suka ci a ire-ire 15 da ake zargi, shida suka faɗi, ciki har da Bulldog da Pekingese masu shafaffiyar fuska, karnukan da alƙalai suka gama zaɓa a matsayin mafi kyau a irinsu a wannan rana. A 2016 kuma wata karya irin karen kiwo na Jamus ta zo ta ɗaya a irinta a wannan gasa da gadon baya a zube, tana tafiya kamar ƙafafun bayanta za su sulale, jama'a suka yi ta Allah wadai. Ma'auni ya ce hanci gajere, alƙali ya ba wanda ya fi gajarta, mai kiwo ya ƙara gajartawa, shekara ta bi shekara har aka wayi gari dabba ba ta iya shaƙar iska yadda Allah Ya halicce ta.

Na ga wannan da idona. Wani bawan Allah a Sakkwato ya taɓa kirana cikin watan Afrilu, ya sayi ɗaya daga karnukan nan masu shafaffiyar fuska da kuɗi masu yawa. Na tarar da shi kwance kan siminti, harshe a waje ya fara yin shuɗi, numfashi yana fita da gurnani kamar ana jan zarto, ƙofofin hancin kamar an tsaga su da reza. Muka jiƙa buhu muka shimfiɗa masa, muka kunna fanka, ina zuba masa ruwa a ciki da hammata har ya dawo hayyacinsa. Mai shi ya tambaye ni wace allura zan rubuta. Na ce masa babu allurar da ke ƙara tsawon hanci. Ina hanyar komawa Illela ina ta tunanin mutanen da suka zauna a wata ƙasa mai sanyi, shekaru aru-aru, suna tafa wa wannan fuska.

Shi ma kakana, Allah Ya jiƙansa, yana da nasa son, ba zan ɓoye ba. Yana son kare mai farin dagi, yana cewa akwai sa'a a tare da shi. Amma na ga yadda yake zaɓen kwikwiyo. Zai tsuguna ya ɗaga ƙafa ya danna tafin da babban yatsa, ya ji kaurinsa. Zai sa hannu biyu ya auna ƙirji. Sai ya ce a sake shi, ya koma bayansa ya zuba ido a kan yadda ƙafafun baya ke bin sawun na gaba a kan rairayi. Bayan wannan duka bai yanke hukunci ba tukuna. Sai rani ya yi, an fita daji, zomo ya tashi. In mai farin dagin ya sare a gudu na biyu, ko ƙaya ta dakatar da shi, to shi ke nan, son kakana ya faɗi, kuma ba za a bar wannan kare ya yi barbara ba. A daji akwai ɗaukaka ƙara, zomo da barewa ne ke zama a kotun. A filin gasa babu, a cikin wasan ma babu. Abin da alƙali ya so shi ne ƙarshen magana, kuma shi ne 'ya'ya za su gada.

Karen da ya fi duk waɗanda ya taɓa riƙewa baƙi ne mai fari a ƙirji. Ina yaro ƙarami na san shi, ya tsufa, yana kwana a gindin rumbu. Da na karanta ma'aunin Azawak na ƙungiyar masu kiwon karnuka ta duniya, FCI, wadda aka kafa a 1911 take da hedikwata a garin Thuin na Beljiyam, sai na tarar wannan launi ba ya ciki. Ma'aunin, wanda Faransa ce ke riƙe da shi, ya tsaya a kan ja, daga ruwan rairayi zuwa ja mai duhu, da zane ko babu, da ɗan fari a wuraren da aka ƙayyade. Dalili kuwa a bayyane yake: 'yan karnukan da aka fara fita da su zuwa Yugoslabiya da Faransa a shekarun 1970 su aka kalla aka rubuta siffar, alhali a Nijar da Mali da Burkina Faso launukansu sun fi haka yawa. Amurkawa da suka ba irin cikakkiyar rajista a 2019 sun buɗe ƙofa ga kowane launi, kuma sun kyauta. Amma ka duba fa, Edita: karen da aka haifa a tsakiyar Azawak, ya ciyar da gida da nama shekara da shekaru, in aka kai shi gasa a Turai sai a ce masa bai cika ɗan Azawak ba. A wasan da nake yi ma hakan take, don daga irin waɗannan takardu suka kwashi lambobinsu.

Akwai abu guda da ma'aunan suka yi daidai, kuma ina yaba musu: sun rubuta cewa ganin haƙarƙari da ƙashin ƙugu a jikin wannan kare halittarsa ce, ba yunwa ba. Namiji mai tsawon santimita 64 zuwa 74 nauyinsa bai wuce kilo 20 zuwa 25 ba. Amma alƙalin da ya saba da karnuka masu ƙiba in ya gan shi sai zuciyarsa ta karkata ga wanda ya fi cika ido, mai kiwo kuma ya je ya ƙara tuwo.

Abin da nake nema daga masu irin waɗannan wasanni ba mai yawa ba ne. Su rubuta a fili nauyin da kowane alƙali ke ba kowane sashe, yadda sabon shiga ba sai ya ɓata wata uku da littafi ba, kuma tsofaffin 'yan wasa su daina cin kasuwa da abin da suka sani su kaɗai. Su daina maimaita alƙalai masu ra'ayi iri ɗaya a manyan gasa. Mafi muhimmanci, su sa wa abin ɗaukaka ƙara: karen farauta kada ya zama zakara sai ya yi tsere ya nuna ƙafarsa, kuma auren zumuncin da ya yi yawa ya fito da illarsa a jikin 'ya'ya kamar yadda yake fitowa a garke. Yara da yawa a duniya daga waɗannan wasanni suke fara koyon kiwo, wasunsu gobe su ne masu kiwon gaske, wasunsu su ne alƙalai. Mu ma yaranmu da ke koyon rubuta manhaja a Kano da Zariya da Yamai ina so su ji wannan, don ranar da ɗayansu zai zauna ya rubuta lissafin da zai zaɓi rago ko ɗalibi ko ma'aikaci, abin da ya fi so ne zai shiga cikin lambar, kuma wanda aka kayar zai ɗauka na'ura ce ta yi masa adalci.

Ni dai na rushe zuriyar nan mai kyan kai. Na bi sawu na sayo wata 'yar Walƙiya da na taɓa sayarwa da araha, na fara daga farko da ita. Makon jiya ta zo ta huɗu gaban alƙalin nan, ranar Alhamis kuma zan kai ta gaban ɗaya daga biyun da ke kallon tafiya.

Roƙona na ƙarshe ga mafarauta da makiyaya masu karanta wannan jarida, ko waɗanda 'ya'yansu ke karanta musu, musamman na Tawa da Abalak da Cintabaradan da mu nan gefen Illela da Gada: duk mai irin wannan kare ya ɗauki hotonsa a tsaye ta gefe, kowane launi ne, ya rubuta garinsu da abin da karen ke kamawa, ya aiko wa jarida. In ka yarda ka buga su, Edita, ni na ɗauki nauyin tattarawa in aika wa masu rubuta ma'aunin da masu wasan baki ɗaya.

Na gode da wannan fili. Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka mai karatu a kullum,
Malamin dabbobi,
Illela, Jihar Sakkwato.